Darasi na 14: Dadasaheb Phalke, Uban Fina-finan Indiya

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibai su iya:

1. ba da tarihin Dadasaheb Phalke a taƙaice;
2. bayyana yadda ake shirya fim a zamanin da;
3. yin amfani da sababbin kalmomi a cikin jimlolinsu;
4. bambance inda ake sa *sun* da inda ake sa *suka*, da kuma *mai* da *marar*.

Ku saurari malami ya karanta labarin sau ɗaya. Bayan haka ku karanta da kanku a hankali, sannan ku amsa tambayoyin da ke biye.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a Kano ko Zariya ko Kaduna ko Jos ya san yadda Hausawa suke son fina-finan Indiya. Tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwa suke kawo su gidajen sinima na Arewa. Har yau akwai dattawan da za su iya ba ka labarin fim ɗin *Mother India* daga farko har ƙarshe. Da matasan Kano suka fara shirya nasu fina-finan, sun ari abubuwa da yawa daga Indiyawa, musamman rawa da waƙa. To, amma su Indiyawan fa, wa ya koya musu? A wannan darasi za mu karanta tarihin mutumin da suke kira uban fina-finansu. Shi ne ya nuna cewa al'umma za ta iya ba da labarinta da kanta, ba sai ta jira baƙi sun ba ta nasu ba.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Dhundiraj Govind Phalke ranar 30 ga Afrilu, 1870, a garin Trimbak, kusa da Nashik, a yammacin ƙasar Indiya. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. Sunan Dadasaheb da aka fi saninsa da shi laƙabi ne na girmamawa, kamar yadda Bahaushe zai ce “babban yaya”. Mahaifinsa malamin addinin Hindu ne, kuma masanin tsohon harshen nan na Sanskrit. Saboda haka tun yana yaro ya tashi yana jin labaran gargajiya na mutanensa, irin waɗanda ke cikin manyan littattafansu biyu, *Ramayana* da *Mahabharata*.

A shekarar 1885, yana da shekara 15, ya shiga makarantar koyon zane ta Sir J. J. da ke birnin Bombay, wanda a yau ake kira Mumbai. Daga nan ya wuce wata makaranta mai suna Kala Bhavan a garin Baroda. A waɗannan makarantu ya koyi zane da sassaƙa da tsara gini da ɗaukar hoto. Bai tsaya nan ba. Ya koyi wasan rufa-ido, har yakan yi wasa a gaban jama'a da sunan Farfesa Kelpha. Idan kun duba da kyau za ku ga sunansa ne ya juya, ya mai da ƙarshe farko.

Sana'o'in da Ya Gwada

Sana'arsa ta farko ita ce ɗaukar hoto a garin Godhra. Kasuwa ba ta yi masa kyau ba. Ana cikin haka sai annoba ta afka wa yankin, ta kashe matarsa da ɗansa. Ya bar garin cikin baƙin ciki. Daga baya ya auri wata mace mai suna Saraswati, wadda za mu sake jin labarinta nan gaba.

A 1903 ya sami aikin gwamnati a hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya, inda yake zana tsofaffin gine-gine, yana ɗaukar hotunansu. Bayan shekara uku ya ajiye aikin, ya buɗe maɗaba'a. Ya yi aiki tare da maɗaba'ar shahararren mai zane Raja Ravi Varma, wanda hotunansa suka cika gidajen Indiyawa. A 1909 ya tafi Jamus don ya ga sababbin injunan buga hoto mai launi. Maɗaba'ar ta bunƙasa, amma saɓani ya shiga tsakaninsa da abokan kasuwancinsa. Phalke mutum ne da ba ya son a sa masa baki a aikinsa. Sai ya bar musu maɗaba'ar ya kama gabansa.

Ga shi ya kai shekara 40, ga iyali, ba kuma aikin yi. Wanda ya gan shi a lokacin zai ce ya ɓata ƙuruciyarsa wajen tsalle daga wannan sana'a zuwa waccan. Amma babu ɗaya daga cikin sana'o'in nan da ba ta yi masa rana ba daga baya.

Ranar da Ya Shiga Sinima

Fim ba tsohon abu ba ne a lokacin. A watan Disamba na 1895 ne wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, masu suna Lumière, suka nuna hotuna masu motsi ga jama'a a birnin Paris. Bayan wata shida da 'yan kwanaki, ranar 7 ga Yuli, 1896, aka nuna fina-finansu a otal ɗin Watson da ke Bombay. Daga nan gidajen sinima suka fara yaɗuwa a biranen Indiya. Sai dai kusan duk abin da ake nunawa daga Turai da Amurka yake zuwa. Fuskokin baƙi ne, tufafin baƙi, labaran baƙi.

Wata rana Phalke ya shiga wani gidan sinima a Bombay, ya kalli fim a kan rayuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa. Daga baya ya rubuta abin da ya ji a ransa a wannan rana. Ya ce yana kallon allo, amma a zuciyarsa Krishna da Rama yake gani, wato waɗanda mabiya addinin Hindu suke bauta wa. Ya tambayi kansa ko akwai ranar da 'ya'yan Indiya za su ga surar ƙasarsu a kan wannan allo.

Tambayar ta dace da zamanin. Tun 1905 masu kishin ƙasa suke kira ga Indiyawa su daina sayen kayan Ingila, su koma ga abin da aka yi a gida. Ana kiran wannan yunƙuri *Swadeshi*, ma'ana “na ƙasarmu”. Phalke ya ƙudura a ransa zai yi fim na ƙasarsu: labari nasu, 'yan wasa nasu, aiki kuma da hannunsu.

Neman Ilimi da Neman Jari

Babu makarantar koyon fim a Indiya, babu kuma malamin da zai tambaya. Sai ya shiga sayen littattafai da mujallu daga Turai. Kullum da dare yana gidan sinima, yana lura da yadda aka tsara kowane hoto. Saboda yawan karatu da ƙarancin barci idanunsa suka kamu da ciwo, har ya kusa makancewa. Da ya sami sauƙi sai ya jinginar da takardar inshorarsa, ya karɓi rance, ya hau jirgin ruwa zuwa Landan a watan Fabrairu na 1912.

Mako biyu kawai ya yi a can. Ya sadu da Cecil Hepworth, ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na Ingila, wanda ya bar shi ya zaga wurin aikinsa, ya ga yadda ake komai. Ya sayi kyamara ƙirar Williamson, ya yi odar faifan fim da injin wanke shi, ya komo gida.

Saura kuɗin aiki. Masu kuɗi ba su yarda Ba'indiye zai iya wannan aiki ba. Phalke ya san gani ya kori ji. Ya shuka ƙwayar wani irin wake a tukunya, ya kafa kyamara a gabanta. Kullum sai ya ɗauki hoto, har fiye da wata guda. Da ya haɗa hotunan ya haska su, sai ga wake yana tsirowa, yana fid da ganye, yana miƙewa sama, duk cikin kamar minti ɗaya. Waɗanda suka gani suka riƙe baki don mamaki. Nan take aka yarda a ba shi rance. Matarsa Saraswati kuma ta ba da kayan adonta aka jinginar.

Yadda Hoto Yake Motsi

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san sirrin wannan wake. A gaskiya hoton fim ba ya motsi. Hotuna ne masu yawa a jere a kan faifai, wato wani dogon abu siriri mai kama da ɗamara, wanda ake naɗewa. Kowane hoto ya ɗan bambanta da na gabansa. Idan majigi ya haska su da sauri, ɗaya bayan ɗaya, sai ido ya ga kamar abu ɗaya ne yake motsi. A zamanin Phalke akan haska hotuna kamar 16 a cikin daƙiƙa ɗaya. Da hannu ake juya kyamara. Bayan an ɗauka sai a shiga ɗaki mai duhu a wanke faifan da magunguna.

Fina-finan wannan zamani ba su da magana. 'Yan wasa da fuska da hannu suke nuna abin da ke ransu. Akan sa ɗan rubutu a allo tsakanin fitowa da fitowa, don a gane inda labari ya dosa. Makaɗa kuma sukan zauna a gaban allo suna kiɗa.

Raja Harishchandra

Phalke ya zaɓi labarin da kowane Ba'indiye ya sani, na Sarki Harishchandra, wanda bai taɓa ƙarya ba, bai taɓa saɓa alkawari ba. Wani babban malami mai suna Vishvamitra ya so ya jarraba shi. Don ya cika alkawari, sarkin ya bar gadon sarauta, ya rabu da matarsa da ɗansa, ya zama bawa. Duk da haka bai saki gaskiya ba. A ƙarshe aka mayar masa da duk abin da ya rasa. Wannan zaɓi dabara ce. Tun da kowa ya san labarin, ko wanda bai iya karatu ba zai fahimci fim marar magana.

Babbar matsala ita ce 'yan wasa. A lokacin ana ɗaukar fitowa a fim abin kunya. Babu macen da ta yarda ta fito a matsayin sarauniya Taramati. A ƙarshe Phalke ya ga wani saurayi mai suna Anna Salunke yana aiki a gidan abinci. Ya lura da siririn jikinsa da hannuwansa, ya ɗauke shi, ya sa masa kayan mata. Dattatraya Dabke ya fito a sarki, ɗan Phalke mai suna Bhalchandra kuma ya fito a ɗan sarki. An ce Phalke yakan gaya wa ma'aikatansa, idan an tambaye su inda suke aiki, su ce a masana'anta, don kada a hana su gidan haya ko aure.

A nan ne sana'o'insa na baya suka yi amfani. Shi ya rubuta labari, shi ya zana fadar sarki, shi ya tsara tufafi da kwalliya, shi ya koya wa 'yan wasa, shi ya yanka faifai ya haɗa. Ilimin rufa-ido kuma ya taimake shi. Misali, idan ana so mutum ya ɓace, sai a tsai da kyamara, mutumin ya fita, sannan a ci gaba da ɗauka. Mai kallo sai ya ga mutum ya ɓace ɓat.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saraswati ce take dafa wa ma'aikata abinci. Ita take riƙe farin zane a cikin rana don haske ya koma fuskar 'yan wasa. Da dare kuma ita take haɗa magunguna, tana taya mijinta wanke faifai. An daɗe ba a ambaton sunanta a tarihi, alhali ba don ita ba da aikin bai kammalu ba.

Bayan kusan wata bakwai aka gama. Tsawon faifan ƙafa 3,700 ne, kallonsa kuma kamar minti 40. Ranar 21 ga Afrilu, 1913, aka nuna shi ga manyan baƙi a gidan wasa na Olympia. Ranar 3 ga Mayu, 1913, aka buɗe wa jama'a a sinimar Coronation da ke Bombay. Mutane suka yi ta tururuwa. An yi kwana 23 ana nuna shi, a lokacin da yawancin fina-finai ba sa wuce 'yan kwanaki.

Shekara ɗaya kafin haka, wani mai suna Dadasaheb Torne ya nuna fim mai suna *Shree Pundalik*, don haka wasu suna cewa shi ne na farko. Sai dai wasan daɓe ne aka ɗauka, Bature ne ya riƙe kyamara, a Landan kuma aka wanke faifan. Shi ya sa gwamnatin Indiya ta ɗauki *Raja Harishchandra* a matsayin cikakken fim na farko na ƙasar.

Shekarun Ɗaukaka

Phalke ya kwashe iyalinsa da ma'aikatansa ya koma Nashik, inda akwai kogi da duwatsu da tsofaffin wuraren ibada da suka dace da labaransa. A fim ɗinsa na biyu, *Mohini Bhasmasur*, ya sami mata biyu suka fito, Durgabai Kamat da 'yarta Kamlabai. Su ne suka buɗe wa mata ƙofa. A 1914 ya sake zuwa Landan ya nuna ayyukansa. Turawa suka yaba, har suka yi masa tayin ya zauna ya yi aiki da su. Ya ƙi, ya ce a gida yake so ya kafa wannan sana'a.

Da ya komo sai ya tarar Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsai da komai. Kayan aiki sun daina zuwa daga Turai, masu ba da rance sun janye. Ya yi ta fama har 1917, lokacin da ya fito da *Lanka Dahan*, wani yanki na labarin *Ramayana*. A ciki Salunke ya fito sau biyu, a matsayin Rama da kuma matarsa Sita. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai. Ana ba da labari cewa a wasu wurare 'yan kallo sukan tuɓe takalma idan Rama ya bayyana a allo, kuma a amalanken shanu aka riƙa kwashe kuɗin ƙofa.

Ganin haka sai 'yan kasuwa suka gane akwai riba a fim. A 1918 wasu attajirai biyar na Bombay suka haɗa jari da shi, suka kafa kamfanin Hindustan. A ƙarƙashinsa ya yi *Shri Krishna Janma* a 1918 da *Kaliya Mardan* a 1919, inda 'yarsa Mandakini ta fito a matsayin Krishna yana yaro.

Juyin Zamani

Halin nan nasa na da ya sake tasowa. Attajirai suna so a yi aiki da sauri, a kashe kuɗi kaɗan. Shi kuwa yana so komai ya yi daidai, ko nawa za a kashe. Suka saɓa, ya bar kamfanin, ya tafi birnin Kashi. A can ya rubuta wasan daɓe mai suna *Rangbhoomi*, wanda ya jawo masa asara. Dole ta sa ya komo kamfanin, amma wannan karon a matsayin ma'aikaci mai karɓar albashi.

A 1931 Ardeshir Irani ya fito da *Alam Ara*, fim na farko mai magana a Indiya. Nan da nan 'yan kallo suka koma ga magana da waƙa. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Phalke ya gwada. Ya ɗauki *Setubandhan* ba magana, daga baya aka sa masa sauti, amma bai karɓu ba. A 1937, yana da shekara 67, ya yi *Gangavataran* a garin Kolhapur. Shi ne kaɗai fim ɗin da ya shirya da magana tun daga farko, shi ne kuma na ƙarshe.

Ya koma Nashik, ga tsufa, ga rashin lafiya, ga talauci. Sana'ar da ya kafa tana ciyar da dubban mutane, amma an manta da shi. Ya rasu ranar 16 ga Fabrairu, 1944, shekara uku kafin Indiya ta sami 'yancin kai.

Abin da Ya Bari

An ƙiyasta cewa Phalke ya shirya manyan fina-finai 95 da ƙanana fiye da 20. Yawancinsu sun salwanta, domin faifan zamanin yana saurin lalacewa, yana kuma saurin kama wuta. Abin da ya tsira yana ajiye a gidan adana fina-finai na ƙasa da ke birnin Pune.

A 1969 gwamnatin Indiya ta ƙirƙiro lambar girma da sunansa. Ita ce mafi daraja a harkar fim a ƙasar. 'Yar wasa Devika Rani ce ta fara karɓa. Daga baya Raj Kapoor da Lata Mangeshkar da Dilip Kumar da Amitabh Bachchan duk sun karɓa. A 1971 aka buga kan sarki mai ɗauke da hotonsa. Girman ya zo bayan shekara 25 da rasuwarsa, bai gan shi da idonsa ba. Amma tambayar da ya yi wa kansa a cikin duhun sinima ta sami amsa tun yana da rai: 'ya'yan Indiya sun ga surar ƙasarsu a kan allo.

Sababbin Kalmomi

- laƙabi: sunan da ake ƙara wa mutum ban da na yanka.
- sassaƙa: sarrafa itace ko dutse ya zama wata sura.
- rufa-ido: wasan dabara da ke sa mutum ya ga abin da ba haka yake ba.
- annoba: cuta mai yaɗuwa da ke kashe mutane da yawa.
- maɗaba'a: wurin buga littattafai da jaridu.
- saɓani: rashin jituwa.
- ƙudura: yi niyya mai ƙarfi.
- jinginar da: ba da kaya a riƙe har a biya bashi.
- jari: kuɗin da ake fara sana'a da su.
- majigi: na'urar da ke haska hoto a allo.
- wasan daɓe: wasan kwaikwayo da ake yi a gaban 'yan kallo.
- tururuwa: zuwan mutane da yawa, kamar ƙwarin da ake kira haka.
- salwanta: ɓata, ba a sake samu ba.
- kan sarki: ƙaramar takardar da ake manna wa ambulan.

*A kula:* sunan Phalke ya yi kama da kalmar Hausa *falke*, wato ɗan kasuwa mai tafiya gari gari, jam'insa *fatake*. Kama ce kawai, ba su da dangantaka.

Nahawu

*1. Shuɗaɗɗen lokaci iri biyu*

Na farko: na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an.
Na biyu: na, ka, kika, ya, ta, muka, kuka, suka, aka.

A rubuce *na, ka, ya, ta* iri ɗaya suke, amma a baki na farko ana jan wasalinsu, na biyu ba a ja. Ana amfani da na biyu a wurare kamar haka:

- bayan *wanda, wadda, waɗanda, da*: Waɗanda suka gani sun yi mamaki.
- bayan kalmar tambaya: Yaushe aka haife shi?
- idan an ƙarfafa wata kalma: A Landan aka wanke faifan.
- wajen jera abubuwan da suka faru a labari: Suka saɓa, ya bar kamfanin.

*2. Mai da marar*

*Mai* yana nuna akwai abu, jam'insa *masu*. *Marar* yana nuna babu, jam'insa *marasa*. Misali: fim mai magana, fina-finai masu magana, fim marar magana, fina-finai marasa magana.

Tambayoyi

*A. Ku amsa da cikakkun jimloli.*

1. A ina aka haifi Phalke, kuma a wace shekara?
2. Ku kawo sana'o'i uku da ya yi kafin ya fara fim.
3. Wace tambaya ya yi wa kansa a gidan sinima?
4. Ta yaya ya shawo kan masu ba da rance?
5. Me ya sa namiji ya fito a matsayin sarauniya?
6. Waɗanne ayyuka Saraswati ta yi?
7. Me ya sa tauraronsa ya dushe bayan 1931?

*B. Ku cike gurbi da kalmar da ta dace.*

1. Turawa ______ yaba aikinsa. (sun / suka)
2. Su wa ______ kafa kamfanin Hindustan? (sun / suka)
3. A Bombay ______ fara nuna fim ɗin. (an / aka)
4. Me ______ koya a wannan darasi? (kun / kuka)
5. Fina-finan zamanin da ______ magana ne. (masu / marasa)

*C. Ku bayyana ma'anar waɗannan karin magana, ku nuna inda suka dace da labarin.*

1. Gani ya kori ji.
2. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
3. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

*D. Muhawara*

Ku kasu gida biyu. Rukuni na ɗaya su kare ra'ayin cewa Phalke ya yi daidai da ya ƙi bin son attajirai. Rukuni na biyu su nuna cewa taurin kai ne ya jawo masa talauci. Kowa ya kawo hujja daga cikin labarin.

Aikin Gida

1. Ku tambayi iyayenku ko kakanninku fim na farko da suka kalla, da inda suka kalle shi. Ku rubuta amsarsu da Hausa cikin jimloli goma.
2. Nijeriya ma tana da magabata a wannan sana'a, kamar Hubert Ogunde da Ola Balogun da Adamu Halilu, wanda ya shirya fim ɗin *Shehu Umar*. Ku zaɓi ɗaya, ku yi bincike, ku rubuta tarihinsa cikin shafi ɗaya.
3. Da za a ba ku kyamara, wace tatsuniya ko wane labari na garinku za ku mayar fim? Ku faɗi dalili.